Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

A ƙasar Sin akwai wata tsohuwar koyarwa da a ke kira Tao, ma'anar kalmar kuwa ita ce hanya. Tushenta wani ɗan littafi ne, Tao Te Ching, mai babi 81, wanda a ke jingina wa wani dattijo mai suna Laozi. Ya fi shekara 2,000 a duniya. Yana horon mutum da ya yi koyi da ruwa, mai taushi, mai neman gangare, amma kuwa shi ke cin dutse. Yana kuma gargaɗin sarki kada ya matsa wa talakawa.

Mutanen da ba su bin wannan hanya sun daɗe suna raba ta biyu. Littafin, in ji su, hikima ce tsantsa. Amma ɗakunan ibada da limamai da layu, duk camfi ne da jahilai suka lanƙaya daga baya. Babba cikin masu wannan ra'ayi shi ne James Legge, wani Baturen mishan da ya yi kusan shekara 30 a Hong Kong, ya kuma fitar da fassarar littafin da Turanci a 1891. Ba mai musun ilminsa, fassararsa kuwa har yau ana karanta ta. Aibinsa shi ne ya ga girman takarda, ya raina masu ita.

Lalle masu wannan ra'ayi suna da abin kamawa. Feng Youlan, masani mutumin Sin, ya nuna a 1948 cewa magabatan Tao sun koyar da a karɓi mutuwa ba tare da tsoro ba, na baya kuwa sai suka shiga neman maganin dawwama. Har akwai sarakunan daular Tang da suka halaka saboda shan irin wannan magani mai zaiba a ciki.

Duk da haka tarihi bai yarda da wannan rabo ba. A shekara ta 142 Miladiyya Zhang Daoling ya kafa jama'ar Tao a lardin Sichuan, wannan ɗan littafi kuwa shi mabiyan jama'ar su ke karantawa a wurin ibada. A 166 sarkin Sin ya yi wa Laozi hadaya. Da aka tara littattafan Tao a 1445, kusan 1,500, sai aka haɗa na hikima da na ibada da na magani a taska guda. Ashe masu abin ba su taɓa jan layin da baƙi suka ja ba.

Wanda ya gyara kuskuren shi ma baƙo ne, Kristofer Schipper, mutumin Holan. Ya tafi Taiwan ya zauna da limaman, ya yi musu almajiranci, har suka naɗa shi limami a 1968. Nan ya tarar ibadar da a ke yi wa kallon camfi tana tafe daidai da littattafai masu ɗaruruwan shekaru.

Kada mai karatu ya zaci wannan musun malamai ne kawai. Suna linzami ne. Da masu mulkin Sin suka ɗauki kalmar camfi, sai aka mai da ɗakunan ibada makarantu da ofisoshi, sa'an nan tsakanin 1966 da 1976 aka rufe su, aka rushe da yawa, aka kori limamai. Yau Tao na cikin addinai 5 da gwamnatin Sin ta amince da su.

Ba dole ne mutum ya gaskata abu kafin ya bayyana shi daidai ba. Amma wanda zai ce wannan hikima ce, wancan camfi ne, ya kamata ya fara tambayar masu abin, gama mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.