Likitan da ya bar littafi ya tafi maƙabarta

A 1830 wani likita ɗan ƙasar Sin, Wang Qingren, ya fitar da littafinsa Yilin Gaicuo, wato gyaran kurakuran likitoci. Littafin ƙarami ne, amma a ganinmu ya fi manyan kundaye nuna amfanin da koyarwar Konfushiyus ta yi wa maganin Sinawa, da ɓarnar da ta yi masa.

Mu fara da amfanin. Koyarwar ta ɗora biyayyar iyaye bisa komi, har jinyar uwa da uba ta zama wajibi a kan ɗa mai ilimi. Daga zamanin daular Song malamai masu karatu suka shiga likitanci, sana'ar da a da ba a ganin girmanta. Zhu Zhenheng, a ƙarni na 14, ciwon mahaifiyarsa ne ya tura shi ga karatun magani.

To, amma biyayyar nan ita ce kuma ta ce jiki amanar iyaye ne, ba a yanka shi, ko da gawa ce. An taɓa feɗe gawarwaki, kamar na ƴan tawayen da aka kashe a 1045, sai dai abin bai zama al'ada ba. Likita ya dogara da tsohon littafin Huangdi Neijing, wanda ya siffanta cikin mutum kamar fada: zuciya sarki, huhu waziri, hanta sarkin yaƙi. Kwatancen da daɗin ji, amma fa tsarin mulki ne aka lulluɓa wa jiki. Wa zai ce magabata sun yi kuskure?

Wang ya ce. A 1797 annoba ta kashe yara da yawa a yankin Luanzhou, aka yi musu kabari marar zurfi, karnuka suka tone. Kwana goma yana zuwa yana duban kayan cikinsu, yana gwadawa da zanen littattafai, sai ya tarar ba su dace ba. Ya kuma tsaya a kan cewa tunani a ƙwaƙwalwa yake, ba a zuciya ba.

Kada mu mai da shi waliyyi. Da ya ga manyan jijiyoyin gawa ba jini, sai ya ɗauka iska ce ke bin su. Abokan hamayya suka samu abin faɗi, suka ce wai garin gyara ya ƙara ɓatawa. Sai dai kuskuren Wang na wanda ya duba ne, kowa na iya sake dubawa ya gyara shi. Kuskuren da aka gada da ladabi kuwa, shi ne mai wuyar taɓawa, don duk wanda ya taɓa shi marar kunya za a kira shi.

Magungunan da Wang ya haɗa don daskarewar jini har yau likitocin gargajiya na Sin suna aiki da su, cikin sana'ar da ta taɓa zarginsa da raina magabata.