Busar Saksofon Sofurano a Waƙoƙin Pop da Kunnen da Ya Saba da Algaita

Saksofon sofurano shi ne ɗan siririn nan miƙaƙƙe a cikin dangin saksofon, wanda galibi ba shi da lanƙwasasshen wuya ko buɗaɗɗen baki mai kallon sama irin na 'yan uwansa. Da tagulla ake ƙera shi, tsawonsa kuma wajen kamu ɗaya da rabi ne. Adolphe Sax, ɗan ƙasar Beljiyam mai ƙera kayan busa a birnin Paris, shi ya yi rajistar dangin saksofon a 1846. A waƙoƙin pop akan ware wani gurbi, yawanci bayan an yi amshi sau biyu, inda mawaƙi zai yi shiru ya bar wa mabushi fage shi kaɗai. Wannan busar tilo, musamman wadda ta ɗauko salonta daga kiɗan jaz, tana da ƙa'idojin da ake auna kyanta da su, kuma mai sauraro daga karkarar arewacin Kano ya riga ya mallaki wasu daga ciki tun kafin ya san sunan abin da ake busawa.

A ƙasar Dambatta, Bichi, Makoɗa, Kunchi, Minjibir da Dawakin Tofa, inda gona ke jingine da gona har ba a cika samun saura ba, ba kasafai ake ganin saksofon da ido ba. Amonsa ne ke zuwa. Yana zuwa ta rediyo, a ƙarƙashin muryar mai karanta sanarwa ko gaisuwa. Yana zuwa ta wayar hannu daga rumfar masu tura waƙa ranar kasuwa. Yana kuma zuwa a kwaikwaye, cikin kiɗan fiyano na waƙoƙin fim da na biki. Wanda ya ji shi karon farko yakan ce algaitar Turawa ce, kuma bai yi nisa da gaskiya ba.

Cikin algaita da cikin sofurano duk suna farawa ne a tsuke daga wajen baki, su riƙa buɗewa har ƙarshe. Wannan ƙira ita ke ba su amo mai kaifi da ɗan hanci-hanci, mai ratsa hayaniya. Inda suka rabu shi ne abin da ke karkarwa ya haifar da sauti. Algaita harshe biyu gare ta, mabushi yana cusa su gaba ɗaya cikin baki, leɓɓansa na dafe da wani ɗan faifai, kumatunsa a cike da iska. Saboda leɓe ba ya taɓa harsunan, algaita ba ta san raɗa ba: ko dai ta yi ƙara ko ta yi shiru. Sofurano harshe ɗaya gare shi, ɗaure a jikin bakin busawa, kuma leɓen mabushi na ƙasa yana kwance a kansa, don haka yana iya matsa shi, ya sassauta, ya rage amo har ya koma kusan numfashi zalla. Ta wannan gefen, danginsa na kusa a ƙasar Hausa shi ne tilliɓoro, wanda samari ke yi da karan dawa da kaka, su tsaga ɗan harshe guda a jikin karan su busa shi a gicciye. Ramukan algaita ba su wuce 'yan kaɗan da yatsu ke toshewa ba, shi kuwa sofurano yana da mabuɗai sama da 20, abin da ke ba shi damar taka kowane amo da ke jikin fiyano a iyakar muryarsa. Duk da haka mabusa sun yi ittifaƙi cewa ya fi sauran danginsa wuyar daidaitawa, domin matsin leɓe kaɗan kan ɗaga amo ya bar inda sauran makaɗa suke.

Tarihinsa a jaz gajere ne. Sidney Bechet na New Orleans, wanda ya rasu a 1959, shi ya fara fito da shi da babbar murya mai yawan karkarwa. Bayansa an ɗan yi watsi da shi, sai da John Coltrane ya ɗauke shi a faifan My Favorite Things na 1961. Coltrane yana sauraron kiɗan Indiya da na Afirka, kuma busarsa a wannan faifai tana kewaya 'yan amo kaɗan na tsawon mintuna, irin yadda ake ji a busar shahanai ta Indiya ko gaita ta ƙasashen Magrib, wadda ita ce asalin algaitar Hausa. Wayne Shorter ya kai shi cikin kiɗan lantarki a ƙungiyar Weather Report a shekarun 1970, masu waƙoƙin pop kuma sukan gayyaci mabusan jaz.

Babban abin da ya kamata mai nazari ya riƙe shi ne, aikin algaita da aikin busar jaz ba ɗaya ba ne, ko da amonsu ya yi kama. Idan masu algaita suka biyo bayan Sarkin Bai a Dambatta ko Madaki a Dawakin Tofa ranar hawan salla, take suke busawa. Algaita tana bin hawa da saukar karin harshen Hausa, wanda ya san taken yana jin kalmomin a ransa, kuma gwanintar mabushi tana cikin fito da sanannen zance sarai tare da ƙawata shi ba tare da an ɓata shi ba. Mabushin jaz ba shi da kalmomi a ƙarƙashin busarsa. Abin da yake bi shi ne jerin kod, wato amo uku ko huɗu da mai fiyano ko jita ke haɗawa lokaci guda, suna sauyawa a tsare suna komowa farko. A kan wannan zagaye yake ƙirƙirar sabon kari nan take, wanda dole ya dace da kowane kod a lokacin da ya iso. Don haka tambayar da kunnen Bahaushe ya saba yi, wato me abin busar ke faɗa, ba ta da amsa a nan. Tambayar da za ta yi amfani ita ce: daga ina ya taso, yaya ya nisanta daga karin waƙar, kuma ta wace hanya ya dawo ya miƙa wa mawaƙi? Abin da ya fi kusa da wannan a gida shi ne ratar da Hassan Wayam kan bari tsakanin ɗiyan waƙa kukuma ta yi magana ita kaɗai, ko yadda Haruna Uji kan saki gurmi ya zaga kafin ya koma gindin waƙa.

Misalin da aka fi kawowa shi ne busar Branford Marsalis a waƙar mawaƙi Sting mai suna Englishman in New York, da ke cikin faifan ...Nothing Like the Sun na 1987. Marsalis ɗan gidan makaɗan jaz ne daga jihar Luwiziyana, an haife shi a 1960, ya bar ƙungiyar ƙaninsa Wynton a 1985 ya bi Sting, abin da wasu 'yan jaz suka ɗauka a matsayin zubar da girma. Waƙar ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma, domin Tiken Jah Fakoly na Kwaddibuwa ya sake ta da Faransanci a 2007 a kan zaman ɗan Afirka a Paris.

An gina yawancin waƙar a kan kod uku masu maimaita kansu, da wani taki mai ɗingishi irin na rege, inda nauyi ke faɗawa a tsakanin taki maimakon a kansa. Sofurano ba ya jiran gurbinsa. Shi ke buɗe waƙar da ɗan kari, sa'an nan ya koma bayan mawaƙi yana cike gurabe: da zarar Sting ya kai ƙarshen saɗara ya ja numfashi, sai busa ta leƙo da amo huɗu ko biyar ta janye kafin murya ta dawo. Wannan aikin 'yan amshi ne tsantsa, kuma a nan ake fara gane gwani, domin amon sofurano da muryar Sting mai tsayi suna zaune kusa da juna, kuskure kaɗan zai sa su yi karo. Marsalis yana kauce wa hakan ta hanyar shiru. Yawan lokacin da bakinsa ke kan abin busar ba tare da ya busa ba wani ɓangare ne na aikin.

Bayan tsakiyar waƙar, inda kari ya sauya na ɗan lokaci, sai ƙasa ta juya gaba ɗaya. Takin rege ya ɓace, babban bes ya shiga tafiya yana ajiye amo ɗaya a kowane taki, mai ganga ya koma kan faifan ƙarfe da rangajin jaz, gudu ya zama kamar ya ninka. A nan ne busar tilo take, kuma ba ta kai rabin minti ba. Marsalis yana sakin jimloli masu gudu irin na jaz ɗin da ake kira bibof, inda ake bi ta amon da ba na kod ba a matsayin mataki, a sauka kan na kod daidai lokacin da taki mai nauyi ya faɗo. Jimlolin ba su yi tsawo ɗaya ba, wata ta fara kafin taki, wata ta makara da gangan, kuma amon a bushe yake, babu yawan karkarwa. Kafin kunne ya gama sabawa sai a datse ta da dukan ganga mai nauyi, ba kari ba busa, irin na kiɗan titunan New York na wancan zamani. Sauye-sauyen nan ba ado ba ne kawai. Waƙar tana maganar baƙo mai tafiya a titin birnin da ba nasa ba, busar jaz da dukan gangar kuma su ne abin da kunnensa ke tsinta daga ƙofa zuwa ƙofa. A ƙarshe, yayin da sauran kayan kiɗa ke dusashewa, sofurano ne ake bari shi kaɗai ya rufe. Aibin da za a iya ɗora wa wannan busa shi ne gajartarta ta hana ta gina wani dogon zance, ta zama ɗanɗano maimakon ƙoshi. Amma waƙar pop ta minti huɗu ba ta da filin da ya wuce haka, kuma iya faɗin abu mai ma'ana cikin daƙiƙu kaɗan gwaninta ce dabam da ta Coltrane.

Wata hanyar ita ce ta Kenny G, wanda busarsa ce ta fi yawo a duniya, kuma ita ce ta fi kama da abin da gidajen rediyo ke shimfiɗawa a ƙarƙashin magana. Songbird, daga faifan Duotones na 1986, ta kai matsayi na 4 a jadawalin waƙoƙi na Billboard a 1987, abin da ba safai kiɗa marar murya ke samu ba. A wajensa sofurano ne mawaƙin. Amo mai santsi ne, an ƙara masa amsa-kuwwa a situdiyo, yawancin karin kuma a kan tsani mai amo biyar yake tafiya, wanda shi ne tsanin mafi yawan waƙoƙin gargajiyar Hausa; wannan na daga cikin abin da ya sa ba ya yi wa kunne a nan baƙunta. 'Yan jaz da dama ba su yarda da shi ba, mai jita Pat Metheny ma ya caccake shi a 2000, yana zargin sa da maimaita 'yan jimloli ƙalilan da kuma busa sama da daidai. Akwai gaskiya a zargin rashin kasada, sai dai riƙe kari mai sauƙi har ya zauna a ƙwaƙwalwar miliyoyin mutane shi ma ba kowa ke iyawa ba. A ƙasar Sin, kiɗansa Going Home ya zama alamar an tashi a kantuna da tashoshi, wato ya koma wani irin take da kowa ya san ma'anarsa. A 1997 ya shiga kundin Guinness da riƙe amo guda fiye da minti 45 ta hanyar shaƙar iska ta hanci yayin da kumatu ke ci gaba da tura wadda suka tara. Wannan dabara ba za ta girgiza mutumin Bichi ba, domin da ita kowane mai algaita ke fara koyon sana'a.

Alaƙar jaz da kayan busar arewa ba a kamannin amo ta tsaya ba. Yusef Lateef, mabushin jaz Musulmi ɗan Amurka da ya yi suna wajen shigo da kayan busar Gabas cikin jaz, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 a cibiyar nazarin al'adun Nijeriya, inda ya yi bincike a kan sarewar Fulani makiyaya. A wannan zama ne ya ɗauki faifan da ya sa wa suna In Nigeria.

A situdiyoyin Kano kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya mamaye kiɗan fim, muryar saksofon da ta sarewa duk daga cikin na'ura suke fitowa. Tsarin gurbin busa yana nan a waƙoƙin nanaye, tsakanin baitin namiji da na mace, amma an gaje shi ne daga finafinan Indiya fiye da jaz, shi ya sa yawanci maimaita karin amshi ake yi maimakon ƙirƙirar sabo. Yatsa kuma ba ya numfashi. Mai fiyano yana iya jan jimla ta wuce abin da huhun mutum zai ɗauka, kowane amo ya fito da ƙarfi ɗaya da farawa iri ɗaya, babu sautin harshe na datse iska, babu ɗan lanƙwasar da leɓe ke yi wa amo kafin ya zauna. Ƙwararru daga cikinsu suna rage wannan gibi da ɗan gargaren da ke gefen hagu na fiyano, wanda ke zame amo sama ko ƙasa, suna kuma barin rata a inda mabushi na gaske zai ja iska. Da waɗannan alamomi mai sauraro zai iya bambance busar baki da ta yatsa ko da a ƙaramar sifikar waya ce.