Shirun Rifita Ba Shaidar Mutuwarta Ba Ne

Mai karatu, ƙaramin rediyon oba-oba da ke hannunka ba ya wuce 'yan kilomitoci. Shi ya sa masu sha'awar sadarwar rediyo ke kafa na'urar da ake kira rifita a kan dutse ko doguwar hasumiya. Tana karɓar muryarka a zango ɗaya, ta sake watsa ta nan take a wani zangon. Kafin ta saurare ka sai ka san abu uku: zangon da take watsawa, tazarar da ke tsakaninsa da wanda take karɓa, da ɗan sautin da ke buɗe ta. A Amurka, tsakanin megahaz 144 da 148, tazarar da aka saba ita ce kilohaz 600. Ka kuskure ɗaya, shiru za ka ji.

Rumbun RepeaterBook ya tara waɗannan bayanai kyauta, kuma 'yan sa-kai ne ke aika gyara, wasu su duba kafin a shigar. Manhajar CHIRP ma tana iya kwaso jerin ta zuba maka a rediyo. Tsarin ya cancanci yabo. Hukumar sadarwa ta Amurka ba ta ba kowace rifita lasisi na daban, don haka babu cikakken jeri a hannun gwamnati, littafin da aka buga kuwa tun daga maɗaba'a yake fara tsufa.

To ina matsalar? Rahotannin ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya ce ya ji rifita ta faɗi lambar shaidarta ya kawo hujja mai ƙarfi. Wanda ya ce bai ji komai ba fa? Ƙila ta mutu. Ƙila kuma tsauni ne ya tare shi, ko batirinsa ya yi sanyi, ko an sauya sautin buɗewa. Idan rumbun ne ya ba shi sautin da ba daidai ba, kuskure ɗaya ya haifi na biyu ke nan, a rubuta lafiyayyiyar na'ura cikin matattu.

Na biyu, masu tantancewa sun fi yawa a birane. Rifitar ƙauye, wadda matafiyi ya fi buƙata, ita ce ke daɗewa ba a gwada ba.

Kada ka ɗauka wasa ne. A Satumban 2024, da guguwar Helene ta katse layukan waya a yammacin jihar Karolina ta Arewa, rifitar da ke kan dutsen Mitchell ta zama hanyar isar da saƙonnin neman agaji. A irin wannan rana ba wanda ke da lokacin laluben lamba.

A ganinmu, duk rahoto ya kamata ya zo da kwanan wata, da wurin da mai gwajin ya tsaya, da ƙarfin rediyonsa. Kada a ce rifita ta mutu sai mutane daban-daban sun gwada daga wurare daban-daban, an kuma tuntuɓi mai kula da ita.

Kai kuma da ke kwafar jerin, ka ɗauke shi a matsayin labari. Ka gwada kowace lamba da kanka tun ana zaman lafiya, abin da ka samu ka mayar wa rumbun, don na bayanka.