Da Wace Manhaja Aka Yi Katun Ɗin Nan?

Duk inda 'yan kallo suka taru a gaban katun, ba a rasa gwani guda da zai ƙura wa talabijin ido ya yanke hukunci: "Wannan ai da Flash aka yi shi," wani ya ce a'a, aikin Maya ne. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a wannan harka dai, kimar tasa ta fi yawan kuskure.

Ɗauki South Park na Amurka (ba na yara ba ne, bakinsa babu linzami). Duk wanda ya ga yaran nan masu kai kamar ƙwarya suna tafiya da ɗan tsalle zai rantse takarda aka yanka da almakashi. Kashin farko da aka nuna a 1997 haka ɗin ne: Trey Parker da Matt Stone takarda suka yanka, suna matsar da ita suna ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, aikin ya ci kusan wata uku. Daga nan sai suka koma kwamfuta, da farko PowerAnimator, daga baya Maya, wato manhajar da ake ƙera dodanni da ita a manyan finafinan Hollywood. Har inuwar takardar suke kwaikwaya don kada ka gane. Da haka suka kai ga gama kashi guda cikin kwana shida. Babbar mota ce aka sa ta tafiyar jaki da gangan.

Sai kuma akasin haka. Flow, fim ɗin wata kyanwa da ambaliya ta raba da gida, wanda Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya fitar a 2024, ruwan cikinsa kaɗai ya isa ka ce kayan aikin miliyoyi ne. Da Blender aka yi shi, manhajar da kowa ke saukewa kyauta, kuma ya lashe Oscar a 2025, ya kayar da finafinan Pixar da DreamWorks.

Ban ce babu alama sam ba. Aikin Flash na gaggawa yakan tona kansa: hannu da ƙafa suna lilo kamar na 'yar tsana, jiki a sandare. Amma Toon Boom da Moho ma suna iya yin hakan in an so. Sannan sau da yawa fim ɗaya ba da abu ɗaya ake yinsa ba. The Lion King na 1994 da hannu aka zana shi, aka shafa launi da na'urar CAPS, garken da ya tattake Mufasa kuwa kwamfuta ce ta haɗa shi.

Abin da ke damuna shi ne yaro mai hannun zane da zai shafe watanni yana farautar "manhajar da aka yi wancan fim da ita", alhali abin da ya burge shi ba a cikinta yake ba. Abin da idonsa ya gani shi ne lissafin lokaci: hotuna 24 ne a daƙiƙa ɗaya, nawa za a ba duka, nawa za a ba shirun da ke biye da shi. Dubi yadda Tom yakan tsaya cak ya kalle mu kafin ya ƙwalla ihu. Hanna da Barbera sun fara Tom and Jerry a 1940, da fensir da fenti da kyamara.