Jinjina Ga Masu Gyaran Wuta Na Arlit

A watan Mayu, lokacin da zafin Arlit ke haura digiri 40, in firji ko injin ruwa ya tsaya, gidan mai gyaran wuta ake rugawa.

Ba ya gaggawar kwance inji. Sai ya sa mita ya auna wutar da ke zuwa daga tashar kwal ta SONICHAR, ya duba fis, ya hure ƙurar hamada da ta lulluɓe allon na'urar, ya sunsuna ko waya ta ƙone. Sau da yawa ɗan kapasita ne ya kumbura.

Tun da aka rufe mahaƙar COMINAK ta Akokan a 2021, wasu ƙwararrunta ke wannan aiki cikin gari, matasa na koyo a hannunsu.