Masu Bin Sawun Hoton da Aka Goge

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, yawancin masu gyara da ƙarfin ido da laushin hannu suke cin abinci: canza sikirin, gyaran bakin caji, ɗaga aisi da iska mai zafi. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da ake nuna wa mutum shagonsu idan matsalarsa ba ta ƙarfe ba ce. Wajensu ake tura uwar da hotunan bikin 'yarta suka ɓace, da magidancin da yaro ya goge masa hoton marigayi mahaifinsa a Facebook, da ɗan kasuwar da shaidar biyan kuɗinsa ta tafi tare da hirar WhatsApp. Waɗannan ba su cika ɗaukar sukudireba ba. Sana'arsu bin sawu ce.

Abin da ya fi burge ni da gwani a cikinsu shi ne ba ya gaggawar latsa wayar. Tambaya yake fara jerowa. "Hajiya, yaushe aka goge? Da wannan wayar aka ɗauka, ko turo miki aka yi? Kin taɓa tura wa wani? Akwai memori a ciki? Tun da abin ya faru, kin ɗauki wasu hotunan?" Mai waya kan ƙosa, don a ganinta ɓata lokaci ne. Alhali a nan rabin aikin yake. Hoto a wayar zamani ba ya zama wuri ɗaya. Daga lokacin da aka ɗauke shi zuwa lokacin da aka ɗora shi a Instagram ko aka tura wa dangi, ya bar kwafi a wurare da dama, wasu a cikin wayar, wasu a rumbun kamfanoni, wasu a aljihun mutane. Wanda ya goge, guda ɗaya ya goge. Tambayoyin nan su ke nuna inda ragowar suka maƙale.

Kafin komai kuma sai ya kashe data, ya katse wayar daga intanet. WhatsApp yakan yi ajiyar hirarraki da misalin ƙarfe 2 na dare, kuma a Google Drive sabuwar ajiya ce ke danne tsohuwa. Idan an goge hira da rana aka bar wayar ta kwana a kunne da data, mai yiwuwa ajiyar jiya mai ɗauke da hotunan ta tafi, ta yau wadda babu su ta maye gurbinta. Haka kuma kowane bidiyon wa'azi ko na barkwanci da ya sauko daga guruf zai iya sauka daidai gurbin da tsohon hoton yake kwance. Da agogo ake tsere, shi ya sa tambayar "yaushe" take zuwa farko.

Daga nan sai kwandunan shara, waɗanda mutane da yawa ba su ma san da su ba. Facebook ya kawo nasa a 2020, Instagram kuma a watan Fabrairun 2021, kowanne yana riƙe abin da aka jefa masa kwana 30, sai dai sitori na Instagram da ba a adana ba, shi awa 24 ne kawai. Wayar iPhone kwana 30 take bayarwa, galarin Samsung ma haka. Google Photos yana riƙe hoton da ya riga ya hau rumbunsa kwana 60, wanda bai hau ba kuma kwana 30. Gwani ya haddace waɗannan kamar lambar wayarsa, ya kuma san ba kowace irin gogewa ce ke bi ta kwandon ba. Idan aka yi sa'a, cikin minti biyu an gama. A nan ne ake gane mai tsoron Allah: wani zai shige ciki da wayar ya yi awa guda don kuɗin aiki ya yi kauri, wani kuwa zai juyo da sikirin ya nuna wa mai ita inda za ta latsa gobe da kanta.

Sau da yawa ma hoton bai gogu ba, mai shi ne ya ɓace wa hoton. Mutane nawa ne a garuruwanmu yaron shago ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, suka tafi ba su san adireshin ba balle kalmar sirri? An canza waya, an buɗe sabon imel, hotunan shekara biyar suna can a tsohon asusu ba abin da ya same su. Aikin a nan na lallashin ƙwaƙwalwa ne: wane layi kike amfani da shi a lokacin, yana nan ko ya faɗi, da sunan wa aka yi masa rajista? Wani lokaci dawo da hoto yakan fara ne da zuwa ofishin kamfanin layi da lambar NIN a dawo da tsohon sim, don ta kansa lambar tabbatarwa za ta shigo.

In duk wannan bai yi ba, sai a shiga cikin foldodi, inda talakan mai waya ba ya leƙawa. WhatsApp yana da tasa ma'ajiyar hotuna, a cikinta kuma akwai wata folda mai suna Sent da ke tara duk hoton da mutum ya taɓa turawa. Galari ba ya nuna ta, saboda wani ɗan fayil marar komai a ciki mai suna .nomedia da ke ce masa ya kau da kai. Tun daga Android 11 aka mayar da wannan ma'ajiya can ƙarƙashin foldar Android, shi ya sa wanda ya koyi aiki a tsofaffin wayoyi ya tsaya nan zai duba inda ya saba ya ce babu. Akwai foldar Xender, wadda a ƙasar nan kusan kowa ya taɓa karɓar hotunan biki ta cikinta. Akwai ƙananan kwafin da galari ke yi wa kowane hoto don ya riƙa buɗewa da sauri. Waɗannan ba su da kyau sosai, in an faɗaɗa su sai su dushe, amma ga wanda ba shi da wani hoton mahaifiyarsa a duniya, dusasshe ma dukiya ne. Idan kuma saƙon yana nan a hira, hoton ne kawai aka share daga galari, wani lokaci latsa shi kaɗai ya isa ya sake saukowa, muddin bai daɗe ba. Akwai ma hanyar da ta fi kowacce sauƙi, wadda ruɗewa ke hana mutum tunawa: a kira ƙanwar da aka tura wa ta sake turowa.

Inda gwanintar take fitowa fili shi ne katin memori. Idan aka goge hoto a kati, ba a kwashe shi ba. Kamar shago ne da aka kankare sunan mai shi daga ƙofa aka rubuta "na haya ne": kaya suna ciki har ranar da sabon ɗan haya zai zuba nasa. Gwani zai zare katin ya sa a kwamfuta, kuma kafin ya yi komai sai ya ɗauki kwafin katin gaba ɗayansa, ya yi aiki a kan kwafin, don in hannu ya kuskure asali yana nan. Sannan ya saki manhaja irin su PhotoRec, wadda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta kuma kyauta ake samunta. Ita ba ruwanta da sunayen fayil. Katin take bi tun daga farko har ƙarshe tana neman alamar da kowane hoton JPEG ke farawa da ita, wato FF D8 FF, in ta gani sai ta kwaso har zuwa alamar rufewa, FF D9. Abin da ke fitowa tarkace ne: dubban hotuna ba suna ba tsari, wasu rabinsu toka-toka saboda wani abu ya riga ya hau kan ragowar, haɗe da hotunan talla da na fuskokin mutanen da mai katin bai taɓa sani ba. Sai a zauna tsinta. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karyawa: ba a mayar da abin da aka tsamo kan katin da aka tsamo shi, don yin hakan binne sauran ne.

Ma'ajiyar cikin waya kuwa wani labari ne daban, kuma a nan nake ƙara ganin girman masu gaskiyar cikinsu. Tun daga Android 4.3 a 2013, waya da kanta take share guraben da aka goge idan ta samu sarari. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama, tun daga 2019, dole ne su kulle fayilolinsu da mabuɗan sirri. Idan fayil ya wuce kwandon shara ya gogu, ko aka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, mabuɗin ya tafi, abin da ya rage ba ya karantuwa ga kowa. Tarin manhajojin da ke alƙawarin dawo da komai da latsawa ɗaya, yawancinsu waɗancan ƙananan kwafin suke tattarowa su nuna, bayan sun cika wa mutum ido da talla. Gwani ya san iyakarsa. Zai dubi dattijo ya ce, "Baba, wannan kam sai haƙuri, kada ka kai kuɗinka ko'ina." Faɗin haka ya fi karɓar kuɗin kafin alƙalami wuya.

Shi ya sa ma yake jin zafin abokan sana'arsa masu saurin yi wa waya fulashin. Waya ta maƙale a tambarin kamfani, ko ta faɗa ruwa ta ƙi tashi, mai gaggawa zai wanke ta tas ya miƙo ta tana aiki, ya karɓi kuɗinsa, hotunan shekaru sun tafi ke nan. Mai bin sawu ba wayar yake son ceta ba. Burinsa ta farfaɗo ko da na minti goma ne, ko da da aron batir da aron sikirin, mai ita ya sa lambarsa ta buɗe, a kwashe abin da ke ciki. Bayan nan in ta ga dama ta mutu.

Sai maganar amana, wadda ba a raba ta da wannan aiki. PhotoRec ba ta san abin da aka goge bisa kuskure da wanda aka goge da gangan ba, duka take tonowa. Mun sha jin gidajen da suka girgiza saboda hoton da ya fita daga wayar da aka kai gyara. Na ƙwarai a cikinsu yakan zaunar da mai waya kusa da shi, ya bar shi ya sa lambar sirrinsa da hannunsa, ya zaɓi abin da yake nema, sannan a goge kwafin da ke kwamfuta a gabansa. Idan kuma wani ya zo da wayar da ba tasa ba, ta matarsa ce ko ta budurwarsa, yana so a tono masa abin da ta goge, sai ya ce a zo da mai wayar. Wanda aka gama wa aiki kuma ba ya tafiya sai an kunna masa ajiyar Google Photos, an rubuta masa adireshin imel ɗinsa a takarda, an ce kalmar sirrin ya rubuta da kansa in ya isa gida.