Gwanin da Ba Ya Ɗora Bulo

A wurin gini, wanda ido ya fi kamawa shi ne birkila a kan tsani, ko lebura da kwanon sarki a ka yana haɗa gumi. Akwai kuma wani mai hular kwano da takarda a hannu, wanda bai taɓa shebur ba tun safe, har mai wucewa ya ɗauka ɗan kallo ne. To, wannan shi ne ya san dalilin da ya sa tifar yashi ta iso jiya da yamma, shi ya san ranar da kafinta zai tattara kayansa mai wayarin ya shigo. Aikinsa shi ne tafiyar da gini, kuma sana'a ce da ake shiga jami'a a karanta ta. Ina ganin girman wannan sana'a ƙwarai, kuma ina so matasanmu su san abin da ke cikinta.

Mai zane yakan faɗi yadda gida zai kasance. Injiniya yakan lissafa kaurin ginshiƙi da yawan rodin da zai ɗauki nauyi. Mai ƙiyasin kuɗi ya ce ga abin da za a kashe. Duk waɗannan a takarda suke. Wanda zai mayar da takardar ta zama bango da rufi, a cikin watannin da aka yi alkawari, da kuɗin da aka ware, ba tare da wani ya faɗo ya karye ba, shi ne mai tafiyar da aikin. A Najeriya ana horar da irin waɗannan a sashen nazarin gini na jami'o'i kamar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, kuma galibi karatun shekara 5 ne. Ɗalibi zai sha lissafi, ya koyi halin siminti da ƙarfe da ƙasa, ya karanci dokar kwangila da kiyaye lafiyar ma'aikata. Amma zuciyar karatun, a ganina, ita ce ilimin jeranta aiki: mene ne zai fara, me zai biyo baya, me zai iya jira.

Wannan ilimi yana da asali. Tun wajen shekarun 1910 wani injiniyan Amurka, Henry Gantt, ya shahara da jadawalin da ake ja wa kowane aiki layi gwargwadon kwanakinsa. A ƙarshen shekarun 1950 kuma kamfanonin DuPont da Remington Rand suka fito da dabarar gano jerin ayyukan da jinkirin ɗayansu ke jinkirta komai. Ga yadda abin yake. Idan mai ƙera ƙofofi ya makara da mako guda alhali ba a gama yaɓe ba, babu asara, domin ko ya kawo su jingine su za a yi. Amma idan rodin dakin, wato rufin kankaren bene, ya makara da kwana biyu, ba za a ɗaure ba, ba za a zuba kankare ba, birkilolin hawa na sama za su zauna, mai rufi ma ranarsa ta matsa, ƙila har damina ta riski gidan a buɗe. Gwani ya san wane jinkiri zai kawar wa kai, wanne ne kuma zai hana shi barci. Yau ana yin wannan lissafi a kwamfuta da manhajoji irin su Microsoft Project da Primavera, sai dai manhaja ba ta san cewa leburori za su tafi gida girbi ko bikin salla ba. Mutum ne zai saka wannan a lissafi.

Misalin da malamai ke yawan kawowa shi ne dogon benen Empire State na birnin New York, mai hawa 102, wanda aka gama cikin kwana 410 aka buɗe shi a 1931. Filin yana tsakiyar gari, babu wurin jibge kaya, don haka kowane ƙarfe yakan iso da lambarsa daf da lokacin da za a ɗaga shi. Ma'aikata sun haura 3,000 a lokacin da aiki ya yi zafi. Tsari ne ya hana su cin karo da juna.

Mu sauko ƙasa mu dubi ranar zuba dakin, domin a nan ake gane gwani. A ɗauka faɗin wurin mita 10 ne, tsawonsa 12, kaurinsa santimita 15. Tun kafin ranar ya riga ya lissafa cewa kankaren zai ci siminti sama da buhu 110 idan za a yi haɗin nan na ɗaya, biyu, huɗu, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ya sa an jera buhunan a kan katako don kada danshi ya kama su. Ya shiga ƙarƙashi ya girgiza kowace tokara da hannunsa. Ya hau sama ya duba tazarar rodi, ya tabbata an sa ƙananan gutsattsarin kankare sun ɗaga shi daga jikin katako, domin rodin da ya kwanta a fili tsatsa za ta cinye shi nan da 'yan shekaru. Ya tabbata mai wayarin ya shimfiɗa bututunsa, don in kankare ya daskare sai dai a fasa. Ya tanadi ruwa, da man injin kwaɓi, da abincin rana, saboda zubi ba ya son tsayawa: inda sabon kankare ya haɗu da wanda ya riga ya fara kamawa, nan ne rauni ke zama.

Sai kuma rigimar ruwa. Leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin juyawa, alhali yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare. Matashin da ya fito daga jami'a ya san wannan a littafi, amma wanda zai faɗa wa ya haife shi. Idan ya daka tsawa, an daina jin maganarsa ke nan. Mai basira zai matsa kusa ya ce, "Baba, don Allah a rage ruwan nan kaɗan, gobe ni da kai za a tambaya." Dattijon ya dube shi ya ce, "To, ɗana, an ji." Daga nan ya ɗebi kankaren ya cika 'yan akwatunan gwaji, a kai ɗakin bincike a matse su a rana ta 7 da ta 28 a ga ƙarfinsu. Washegari kuma ya sa a riƙa shayar da dakin ɗin ruwa har aƙalla mako guda, musamman a zafin bazara ko lokacin hunturu da iska ke busar da komai. Mai gida zai matsa a cire tokara da wuri don a ci gaba. Nan ma sai ya iya cewa a'a cikin ladabi, kuma ya tsaya a kan bakansa.

Irin wannan ba a koyonsa a aji kaɗai. Shi ya sa watanni 6 na koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF mai hedikwata a Jos ke kula da shi, suke da muhimmanci a wajen ɗalibin gini. Abin takaici, wasu kan nemi ofis mai sanyi su sa hannu a littafi su koma gida. Wanda ya nemi inda ake haƙa harsashi, ya yini a rana tare da foman, ya koyi auna kwana da igiya, ya ga yadda ake karɓar kaya a ƙirga, shi kamfani zai riƙe bayan bautar ƙasa. Daga nan sai neman zama mamba a ƙungiyar magina ta NIOB da rajista da hukumar CORBON, wadda dokar 1989 ta kafa, domin a doka sai mai rajista ake kira magini.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19, bai tashi da ƙwarewar hannu kaɗai ba. Sai da wani ya san lokacin da za a kwaɓa ƙasa, da kwanakin da tubali zai sha rana, da yawan azarar da za a sara, da yadda za a gama kafin ruwa ya sauka. Sarautar Sarkin Magina shaida ce cewa kakanninmu sun san gini yana buƙatar shugaba.

Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum sama da 40 suka rasu. Garuruwanmu na Arewa su ma sama suke yi yanzu, benaye na tashi a Kano da Kaduna da Abuja. Duk mai shirin ɗora hawa a kan hawa ya nemi magini mai rajista ya damƙa masa aikin, ya kuma saurare shi idan ya ce a dakata. Ku kuma ɗalibai, maza da mata, idan lokacin koyon aiki ya zo, ku sayi takalmin aiki ku nemi inda ake zuba kankare.